Wasiƙa zuwa Gashuwa kan koya wa yara iyo

Yawuri, Jihar Kebbi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya kuma damina? Allah Ya sa Baba ya ji sauƙin ƙafarsa. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin shawarar da kuka yanke da mai unguwa ta koya wa yara iyo. Bulala ba ta raba yaro da ruwa, sai dai ta sa ya tafi a ɓoye, inda babu babba. Tunda ka ce in faɗa maka yadda ake tsara abin, to ga shi.

Wurin da za a koyar shi ne farko. Kada ku taɓa cikin kogin Yobe, ruwa mai tafiya ba na ɗan koyo ba ne. Kududdufi ma a yi hattara da shi, domin yawanci ramin da aka haƙi ƙasar gini ne: bakinsa iya gwiwa, taku biyu gaba sai ya zurma ya shanye babban mutum. Ku nemi ruwa kwantacce mai ƙasa tauri, wanda zurfinsa bai wuce ƙirjin mafi ƙanƙanta a cikin yaran ba. Kullum kafin darasi manya biyu su taka ko'ina da ƙafa, suna laluben rami, fasasshiyar kwalba da laka mai riƙe sawu, saboda ruwan sama na dare ɗaya yana sauya ƙasan. A kafa gora a kusurwa huɗu, a zagaye da igiya mai ɗaure da robobin ruwa. A Bangaladash, shirinsu na koya wa yara iyo mai suna SwimSafe dakalin gora mai shinge suke kafawa a cikin tafki, kuma kafintan garinku zai iya yin irinsa. In kuwa kun samu aron wurin iyo na siminti, ya fi. Sharaɗinsa biyu: a riƙa hango ƙasansa tar daga baki, sannan takardar gwajin ruwa ta nuna kilorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, tsakanin 1 da 3, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8.

Kada ka manta da tsargiya. Ruwan da dodon koɗi ya yi yawa, a nan ake samunta, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Ku tuntuɓi ma'aikatan lafiya kafin ku zaɓi wuri. Yaron da ya ga jini a fitsari a kai shi a ba shi maganin praziquantel, kada a ce ai girma ne.

Ku ɗauki 'yan shekara 6 zuwa sama. Na ƙasa da haka tsaro suke buƙata, ba darasi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai shekara 5 ba. Irin waɗannan murfin rijiya da kife bokiti ne maganinsu. Ku tambayi iyaye a keɓe ko yaro na da farfaɗiya, asma ko ciwon zuciya, don a gaban jama'a ba za su faɗa ba. Mai farfaɗiya sai da izinin likita, da babba guda a kusa da shi iya miƙa hannu. Malami ɗaya yara biyar, minti 30 zuwa 40. Wanda ya fara karkarwa ko leɓensa ya sauya launi, ya fita. A ƙirga su kafin shiga da bayan fita.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba ƙarfi. Masu koyarwa suna gaggawar nuna bugun hannu saboda shi ne abin burgewa, alhali kwanciya rigingine a kan ruwa ita ke ceton rai. Bayan yaro ya saba da sa fuska a ruwa yana fitar da iska ta hanci, sai ka kwantar da shi, tafin hannunka a ƙarƙashin kafaɗunsa. Kunnuwa su nutse, haɓa ta kalli sama, cibiya ta taso, hannuwa a buɗe. Ka riƙa yi masa hira, kana rage hannu daga tafi zuwa yatsu uku, zuwa ɗaya. Kada ka zare ba ka gaya masa ba. In ya kurɓi ruwa sau ɗaya ta hanyar yaudara, sai ka yi mako kana lallashi. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaga kai don ganin ƙafafu. Da kai ya tashi, ƙugu ya nutse, sai tsoro, sai fafutuka. Ka ce ya ƙirga gajimare ko ya bi tsuntsu da ido. Siraran yara ƙafafunsu kan yi ƙasa, wannan ba komai, ɗan motsa sawu ya isa muddin hanci da baki na waje. In ya iya wannan, a koya masa juyawa daga ruf da ciki zuwa rigingine, sannan bugun ƙafa daga ƙugu ba daga gwiwa ba, sannan hannu.

Ma'aunin kammalawa na SwimSafe ya yi mini: iyo na mita 25 ba tsayawa, da zama a saman ruwa daƙiƙa 30. Ni zan ƙara gwaji ɗaya da tufafin gida, tunda wanda ya faɗa ruwa da rigarsa yake faɗawa. 'Yan mata kuwa mata su koyar da su, a killataccen wuri da lokacinsu daban, da dogon wando da riga mai kama jiki da hula. Zani da dogon hijabi suna naɗe ƙafa.

Samarin da za su yi gadi, 'yan 15 zuwa sama, abu na farko da za a cire musu shi ne tunanin mai nutsewa yana ihu. Ba ya iyawa. A tsaye yake cikin ruwa, kai a baya, baki na shiga yana fita, hannuwa na danna ruwa kamar mai hawa tsani, kuma cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 ya ɓace. Don haka mai gadi ba ya koyarwa, ba ya riƙe waya. Yana tsaye a tudu da usur, idonsa na zagaye wurin duk daƙiƙa 10, a canje shi duk minti 20.

Na biyu ya fi wuyar shiga kan saurayi: ba a faɗawa ruwa don ceto. Mai nutsewa yana ƙanƙame duk abin da ya taɓa, shi ya sa kake jin an ciro wa da ƙani tare. Ya busa usur, ya kwanta ruf da ciki a baki ya miƙa gora ko rawani. In ya miƙa a tsaye za a fizgo shi. In da nisa, ya jefa jarkar lita 5 mai murfi gam, da ɗan ruwa kofi biyu a ciki don iska kada ta kwashe ta, ɗaure da igiya mita 15. Ya taka ƙarshen igiyar, kada ya ɗaura a wuyan hannu. Ya jefa ta wuce mutumin, ya jawo a hankali. Su yi ta gwada wannan a busasshiyar ƙasa har igiya ta daina harɗewa.

In an fito da mutum ba ya numfashi, ɗaya ya ruga neman mota, ɗaya ya kwantar da shi a ƙasa mai tauri, ya ɗaga haɓa, ya toshe hanci, ya hura iska sau 5 yana ganin ƙirji na tashi. Sai danna tsakiyar ƙirji sau 30, hura 2, a yi ta maimaitawa, dannawa 100 zuwa 120 a minti. Zurfin dannawar ga babba santimita 5 zuwa 6, ga yaro sulusin kaurin ƙirji. Matse ciki ko riƙe yaro kai ƙasa wai ruwa ya fita ɓata lokaci ne, kuma yana turo amai cikin huhu. In ya farfaɗo a kwantar da shi ta gefe, a lulluɓe shi, a kai asibiti ko da ya ce garau yake, domin huhu kan rikice bayan sa'o'i. Wannan ɓangaren ba a koyonsa a takarda. Ku gayyato 'yan Red Cross ko 'yan kwana-kwana su nuna da hannu.

Da an ji tsawa kowa ya fito, sai minti 30 bayan ta ƙarshe. Ba a alkafura ko shiga da ka. Ka kuma nanata musu cewa iya iyo ba ya maye rigar kariya a kwale-kwale. Mu nan ba mu manta haɗarin jirgin ruwan Wara na Mayun 2021 ba. A tsakiyar kogin Neja mita 25 ba ta kai kowa gaci.

In kun fara da wuri, ku sa gwajin rukunin farko ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2021 don yaƙi da nutsewa, ku gayyaci iyaye da sarkin ruwa. Ka aiko mini da awon zurfin wurin da kuka zaɓa, a baki da tsakiya, kafin ku kafa gora.

Ka gaishe mini da Baba da uwargida da yara. Wassalam.

Naka,
amininka na Yawuri