Kokenmu zuwa fadar Lamidon Garwa kan tallafin korona da batun allura

Garwa, Disamba 2021

Zuwa ga Mai Martaba Lamidon Garwa,
ta hannun Sarkin Hausawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya dafa maka kan wannan nauyi da ka ɗauka bana.

Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne na Hausare da Yelwa da sauran unguwannin da ke cin abinci a babbar kasuwa. A cikinmu akwai 'yan tebur, mahauta, mata masu ƙosai da kunu da masu kifi, 'yan kalando masu haya da babur, direbobin hanyar Gashiga da malaman allo. Mun zauna mun yi shawara muka ga gara mu kawo kuka gidan uba da mu ci gaba da gunaguni a bakin shago da WhatsApp, inda magana ke fita da safe kafin la'asar ta zama wani abu daban. Muna kuma ƙara yi wa marigayi Lamido Alim Hayatu addu'a, wanda Allah ya karɓi abinsa a watan Afrilun bana, Allah ya jiƙansa ya sa can ta fi nan. Shi ne sakataren gwamnati a ma'aikatar lafiya mai kula da yaƙi da annoba, kenan maganar da muka zo da ita ba baƙuwa ba ce a wannan gida.

Da aka ce an samu mutum na farko mai korona a Yawunde ranar 6 ga Maris 2020, wallahi da yawanmu mun ɗauka ciwon masu hawa jirgi ne. Ba a rufa sati biyu ba firaminista Joseph Dion Ngute ya fito ranar 17 ga wata da dokoki 13, washegari suka fara aiki: an rufe iyakoki, an rufe makarantu, an hana taron da ya wuce mutum 50, an hana lodin da ya wuce ƙima a mota da babur. Daga ranar 13 ga Afrilu kashine, wato ƙyallen rufe hanci da baki, ya zama dole ga duk mai fita. Duk mun bi. Azumin shekarar ya zo mana babu tafsiri irin wanda muka saba, tarawihi wasu a soro suka yi ta, ɗaurin aure sai waliyyai da shaidu, malamai suka sallami yara daga makarantun allo alhali da sadakar Laraba ake cefane a gidajensu. Ɗan kalandon da ya saba ɗaukar uwa da 'yarta a tafiya ɗaya ya koma mutum ɗaya, ga man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya, ya yi tsada, ga mai babur yana jiran balas ɗinsa da yamma ba ruwansa da annoba. Kan hanya kuma in aka tare ka babu kashine, abin da ke aljihunka shi ne tara, ba rasit ba komai, wannan kam kowa ya gani ba sai mun tsaya a kai ba.

Iyaka ce ta fi karya mu. Dama tun Agustan 2019 Najeriya ta rufe nata ɓangaren, muna cikin wannan sai namu ya rufe. Manyan tireloli masu zuwa Injamena daga Duwala ba su daina wucewa ta gabanmu ba don an bar kaya su wuce, amma ƙaramin ɗan kasuwa mai zuwa Yola ko Mubi ya saro atamfa da takalma da robobi ya kai Pitowa ran Lahadi, shi da ƙafarsa yake fatauci, in an hana mutum wucewa to an hana kayansa. Jarin mutane da yawa a tukunya ya ƙare, an cinye shi a zaune.

To ranar 30 ga Afrilu 2020 gwamnati ta sanar da sassauci, kuma tsakani da Allah a takarda abin ya yi kyau. An ce an yafe wa masu taksi da 'yan kalando lampo, wato haraji, da kuɗin tasha na wata uku, Afrilu zuwa Yuni. An ce ƙananan masu sayar da kayan abinci su ma an yafe musu lampo da kuɗin wurin zama a kasuwa na wannan lokacin. An ƙara kuɗin yara daga sefa 2,800 zuwa 4,500. Allah ya taimaki Sarki, a nan ne kukanmu yake. Kuɗin yaran nan na ma'aikatan gwamnati ne da waɗanda ke da rajista a CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, mu kuwa a duk layin mahauta da wuya ka samu mai lamba a can, don haka wannan ya wuce ta samanmu. Yafiyar tiken kasuwa kuma da Faransanci aka karanta ta a rediyo, a ranar ƙarshe ta wata na farko cikin ukun, an riga an biya na Afrilu. Tsohuwa mai sayar da kuka da daddawa ina ta ji? Masu yankan tike suka ci gaba da zagayawa yadda suka saba, in ka ce ai an yafe sai a ce maka takarda ba ta sauko ba tukuna, ko a ce kai ba ka cikin waɗanda ake nufi, mai nama ba kayan abinci yake sayarwa ba, mai ƙosai kuma wai dafaffe take sayarwa. Wanda ya yi gardama a ɗauke masa tire ko sikeli sai ya biya ya karɓo. Wasu 'yan kalando ma sun biya na shekara tun farkonta, ba wanda ya ce musu ga ragowarku. Akwai mata a cikinmu da har yau tikitin waɗancan watannin na ƙulle a leda cikin adaka, in fada na so za mu kawo a gani.

Sai kyautar shugaban ƙasa Paul Biya ta kayan kusan sefa miliyar 2, sabulu da bokitai da kashine da jarkokin wanke hannu, da aka ce a raba wa gundumomi 360 na Kamaru. Mun ga hoton mikawa a talabijin, mun ga jarkoki a ƙofar wasu ofisoshi da masallatai, ba za mu ce ba a kawo komai ba. Amma nawa ne rabon gundumomin Garwa uku, nawa aka ba kowane jauro, wato mai unguwa, wa ya karɓa, ba a taɓa karanta mana ba. Wata unguwar sabulu ɗaya aka yanka wa gida biyu, wata ko ƙyalle ba su gani ba, sai zargi ya shiga tsakanin maƙwabta, ana kallon masu unguwa da ido ɗaya alhali wataƙila su ma abin da aka miƙa musu kenan. Jarkokin da aka ajiye a bakin kasuwa kuma sati kaɗan suka bushe, don ba a ce ga wanda zai riƙa zuba ruwa ba, a garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40 kuma mutum na sayen ruwan sha a wurin 'yan garuwa. A ce wa wannan ya wanke hannu kowane lokaci, da wane ruwan?

Abin da ya sa ba mu haƙura mun bar wa Allah ba shi ne labarin da ya fito daga Yawunde. An buɗe asusun haɗin kai na yaƙi da korona, aka ware masa sefa miliyar 180 a 2020. Asusun lamuni na duniya ya ba Kamaru rancen dala miliyan 226 a watan Mayu, ya ƙara miliyan 156 a Oktoba, kuma bashi ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Sashen binciken kuɗi na kotun ƙoli ya bi sawun kuɗin, wani yanki na rahoton ya fita a Mayun bana, cikakkensa a Nuwamba. A ciki aka ce kayan gwajin gaggawa da ake samu kan sefa 7,084 a wurin masu ƙera shi an saya wa gwamnati kan 17,500 kowane ɗaya, a kan guda miliyan 1 da dubu 400, bambancin ya kai wajen miliyar 14 da rabi. Har maganin da aka ce za a haɗa a gida ashe daga Indiya aka sayo shi aka sake masa kwali. An kira ministoci sun amsa tambayoyi, wannan aikin shari'a ne, ba mu zo mu yanke wa kowa hukunci ba kuma ba mu san wa ya ci wa bai ci ba. Amma yaranmu masu karatu sun karanta mana lissafin nan a waya, kuma mai ƙosan da aka ƙwace wa tire kan tiken da bai kai kuɗin koko biyu ba ita ma ta ji.

Yanzu ga allura ta zo. Tun Afrilu aka fara, da ta Sin, sai AstraZeneca, daga baya Johnson mai shiga sau ɗaya. Ma'aikatan lafiya suna kafa tebur su wuni suna hamma, a koma a ce mutanen Arewa jahilci ya hana su. Eh akwai ƙarairayi, masu cewa tana hana haihuwa, masu cewa duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu ba, kuma mu da muka sa hannu a takardar nan ba mu yarda da su ba, da yawanmu an yi mana ga mu nan lafiya lau. Mun binne dattawa da numfashi ya gagara, mun san ciwon gaskiya ne. Sai dai in ka je ka ce wa mutum ya miƙa dantse, amsar da yake ba ka ita ce lokacin sabulu da yafiyar tike ba a neme ni ba, sai yanzu da aka zo allura aka san ƙofar gidana? Wallahi ba mu da abin ce masa. Ministan lafiya Manaouda Malachie ɗan Arewa ne, ya san halin mutanen nan, ba a jan su da tsawa. Lokacin shan inna ma sai da sarakuna da limamai suka shige gaba kafin iyaye su buɗe ƙofa.

Kuma lokaci ya ƙure. Ranar 9 ga Janairu za a fara gasar ƙwallon Afirka, Garwa na cikin masu masauki, Najeriya da Masar da Sudan da Gine Bisau duk a filin Rumde Ajiya za su buga, an kuma ce ba mai shiga sai da katin allura da gwajin da ya nuna ba ya ɗauke da ciwon. Baƙi za su cika gari daga Yola da Kano da ko'ina, ga sabon nau'in Omicron ana ta maganarsa. Abin da muke tsoro shi ne samari su koma sayen katin bogi don su ga wasa, a ƙare ba allurar ba gaskiyar.

Don haka muke roƙon Mai Martaba, da girman kujerarka, ka nemi hukumomin da abin ya shafa su kawo lissafin abin da ya shigo Garwa da sunan korona, kaya da kuɗi, a karanta shi a ƙofar fada da Fulatanci da Hausa, a maimaita a rediyo, a liƙa kwafi a bakin kasuwa. Ko kaɗan ne a faɗa mana kaɗan ne, za mu fi samun natsuwa da hakan. Batun tike kuma ba ma cewa a ƙirgo mana kuɗi a hannu, mun san wannan ba zai yiwu ba, amma a ba mu wata ukun da aka yafe mana aka karɓa, a ɗaga wa masu kayan abinci da 'yan kalando wata uku a shekara mai shigowa, a kuma faɗi ƙarara su wa ke ciki don kar a sake cewa mai nama da mai ƙosai ba su ne ake nufi ba. In an yi wannan mu da kanmu za mu zaga da ma'aikatan allura layi layi.

Allurar ma muna roƙon a turo mata ma'aikata su shiga gidaje, don akwai matan da ba za su buɗe dantse a bakin titi gaban maza ba, a taho da jauro ko limamin unguwa, a bar mutum ya yi tambayarsa a ba shi amsa ba tare da an yi masa dariya ba. Dattawan da suka tara kuɗin Hajji shekara biyu ba a tafi ba suna tambayar wace iri Saudiyya ke karɓa, don an ce ba kowacce ba, a samu mai yi musu bayani kafin a yi musu. A kuma sa wanda zai kula da ruwan wanke hannu a ƙofofin kasuwa da tasha, in an ba mu jarkoki da sabulu mu za mu ɗauki nauyin zuba ruwan bi da bi. Sannan in gasa ta zo kar a kore masu tebur da masu tuya daga hanyoyi da sunan gyaran gari ba tare da an nuna musu inda za su zauna ba, watan nan ne kaɗai suke sa ran mayar da wani abu daga jarin da ya narke.

In Sarki ya ba da rana, wakilanmu maza da mata za su zo fada da tikitin da muka ambata da sunayen waɗanda suka biya. Waɗanda ba su iya rubutu ba sun dangwala yatsa a takardun da ke haɗe da wannan.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa fada daraja.

Wassalam.

Daga talakawanka 'yan kasuwa, mata masu sana'a, 'yan kalando, direbobi da malaman allo na unguwannin Hausawan Garwa.