Rahoton Ayyukan Shekara: Gyaran Dokoki da Taswirorin Wasannin Yaƙi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa membobi.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana shi ne gyaran kurakuran dokoki da na taswira a wasannin yaƙin da muke bugawa a kan tebur, domin yawancin gardamar zaman Asabar daga nan take tashi.

Mu fara da taswira. An raba taswirar gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida yana da lamba huɗu: biyun farko layin tsaye ne, biyun ƙarshe matsayin gidan a layin. Wato 0712 layi na 7 ne, gida na 12. A wani wasan da aka sayo daga waje, takardar jera runduna ta juya lambar zuwa 1207, sai ga mahaya dawaki a tsakiyar tafki. Wannan gyaransa ba wuya. Mai wuyar shi ne kogi. Doka tana cajin ƙarin tafiya ne idan an tsallake gefen gidan da kogi ya bi, to idan mai zane ya ratsa da shi ta cikin gida, wa zai ce an ƙetare ko ba a ƙetare ba? Haka ta faru a taswirarmu ta gida, ta yaƙin Alƙalawa na 1808, inda kogin Rima ya ratsa cikin gidaje. An mayar da shi kan gefuna aka sake bugawa.

Sai lissafin faɗa. Mai hari yana da ƙarfi 11, mai kare kai 4: doka ta ce a raba 11 da 4, a zubar da ragowa don amfanin mai kare kai, ya zama 2 da 1. Amma misalin da ke ƙarƙashinta ya rubuta 3 da 1. Kwamiti ya tsayar da cewa sabuwar takardar gyara daga mawallafi ita ce gaba, sai doka mai lamba, sai jadawali, misali kuwa shi ne ƙarshe. Misali sau da yawa ragowar tsohon daftari ne da aka manta ba a taɓa ba.

A jadawalin sakamako da ake jefa dayis biyu (ƙwayoyin jefawa masu fuska shida), a riƙa duba layin 7 kafin sauran. Cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke faɗuwa, 6 suna ba da 7, alhali 2 da 12 hanya ɗaya-ɗaya ce. Kuskure a layin 7 yana iya kifar da wasa gaba ɗaya.

Yadda ake gyaran kuwa: fensir kawai, banda biro, a gefen shafi, da kwanan wata. Ƙwayar runduna (ɗan kwalin da ke wakiltar runduna a kan taswira) da aka buga da lamba ba daidai ba, a yanka farar takarda milimita 12 a manna, tunda ƙwayar rabin inci ce. Salatif an hana shi. Zafin bazarar Sakkwato yana narkar da gam ɗinsa, ƙurar hunturu ta liƙe a kai, ranar ɓarewa kuma ya tafi da fentin taswira. A shimfiɗa gilashin roba a kan taswirar, a yi alamar a kansa.

Akwatunan wasannin da ba a duba ba tukuna, masu su su kawo su zaman farko bayan Sallah, tare da littattafan dokokinsu.

Sakataren kwamitin gyara