Koyon tallan intanet a hannun gwani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin matasan da ke neman koyon tallan intanet a ƙarƙashin wani ƙwararre. Kafin yaro ya fara, a rubuta yarjejeniya: wata nawa zai yi, ko akwai kuɗin mota, kuma wa zai biya kuɗin talla. Ubangidan da ke hana almajirinsa ganin cikin Meta Ads Manager (wurin da ake tsara tallan Facebook da Instagram), kullum sai haɗa hoto a manhajar Canva, ɗan aike kawai ya samu.

A wata na farko ya koyi kafa shafin kasuwanci da WhatsApp Business. Daga nan a ba shi ƙaramin kasafi ya gwada talla ɗaya da hotuna biyu, ya bar su aƙalla kwana uku kafin ya taɓa komai, sannan ya duba wanne ya kawo saƙonni a farashi mai rahusa. Yawan masu danna alamar yabo (like) ba ciniki ba ne.

Inda aka fi yin asara shi ne saka duk Najeriya a matsayin masu gani, alhali, misali, mai atamfar da ake yi wa tallan a Kantin Kwari take kuma cikin Kano kaɗai take kai kaya. Sai kuma asusun da ba a sa masa tabbaci mai mataki biyu ba (wato neman wata lamba ta musamman bayan kalmar sirri), wanda ɓarayi ke ƙwacewa har da katin biyan kuɗin da ke ciki.

Mai karatu, Kano