Wuyan Nan Naka, Ɗana

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, ƙanwarka ta faɗa mini abin da ka ce ta ɓoye. Kada ka ga laifinta, ni na tsare ta. Wai an tarar da kai zaune a kujera, haɓa manne da ƙirji, tun dare har hantsi, ana jijjiga ka ba ka san inda kanka yake ba. Ka ce gajiya ce. Ni na haife ka, na san barcin gajiyarka.

Zancen kuɗi da karatu duk na ajiye su gefe, wuyan nan naka ne ya hana ni runtsawa. Ƙasusuwa 7 ne a wuyan mutum, laka ta ratsa ta tsakiyarsu, ita ke kai saƙon ƙwaƙwalwa ga hannu da ƙafa, har riƙon fitsari. Mai barcin lafiya in wuya ya ƙage masa, zai juya ko ya farka. Wanda tramadol ko kodin ko ƙwayar barci ta kayar ba ya motsi. Kai na sunkuye awa da awanni, lakar ta miƙe ta dannu a jikin ƙashi, jinin da ke ciyar da ita ya ragu, ga numfashi ƙwayar ta raunana shi. Ba faɗuwa, ba karaya, sai mutum ya farka hannuwa sun ƙi ɗaguwa, wani har ƙafafu. Wasu na samun sauƙi, wasu kuwa sai keken guragu da robar fitsari, don laka ba ta haɗewa kamar ƙashi.

Kullum kana cewa na cika tsanani. Da tsananin gaske ne da ban bar ka ka tafi ba. Bayan abin da muka gani a kan kawunka, kai ne za ka ɗauko wannan hanya? Wa zai riƙa juya ka a gado, mahaifiyarka da ciwon bayan nata?

To, ba baki nake maka ba. In ka ji yatsu sun sage ko hannu ba ƙarfi, ka tafi asibiti yau, ka gaya wa likita gaskiyar abin da ka sha. Kada ka yanke ƙwayar lokaci guda kai kaɗai, shi zai nuna maka yadda ake ragewa. Ka gaya wa abokan naka: wanda ya sume ba a barin sa a zaune, a kwantar da shi ta gefe, kai daidai da jiki, a nemi motar asibiti.

Ka kira ni. Faɗa kam zan yi, amma zan zo.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.