Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Mai Binciken Almajirci a Jaridu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya zaman makaranta? Mu nan gida kowa lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifiyarki ta shaida mini cewa malaminki ya amince da batun da kika zaɓa na kundin kammala digirinki a sashen ilimin zamantakewa, wato almajirci, kuma kin ce da jaridu za ki yi mafi yawan aikin. Na yi farin ciki ƙwarai. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na rubuto miki, don ki samu abin da za ki riƙa komawa kina dubawa.

Kada ki bari kowa ya raina miki wannan hanya. Robert Park, ɗaya daga cikin jigajigan wannan ilimi a Jami'ar Chicago, ya daɗe yana aikin jarida kafin ya koma koyarwa. Max Weber kuma tun a 1910, a taron farko na ƙungiyar masana zamantakewa ta Jamus, ya nemi a zauna a yi wa jarida kanta nazari. Sai dai ki ɗauki jarida yadda alƙali yake ɗaukar mai ba da shaida. Yana sauraronsa da kyau, sannan ya tambaye shi ina yake tsaye da abin ya faru, wa ya kawo shi, me ya gani da idonsa, me kuma aka faɗa masa.

Ki fara da sanin mai ita. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a watan Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, gwamnatin Turawa ce ta kafa ta a daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke ƙaratowa, tana neman bakin da za ta yi wa mutanen Arewa magana da shi, ta kashe jita-jita. New Nigerian ta fito a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966, mallakar gwamnatin Jihar Arewa. A Kudu, Azikiwe na da West African Pilot tun 1937, Awolowo na da Tribune tun 1949. Triumph ta Kano gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa ta a 1980, kamfanin kuma ya fitar da Albishir da Alfijir, ita Alfijir da ajami ake buga ta. Har gobe yawancin manyan jaridun Turanci a Legas suke zaune, kuma mai tsara kanun labari a kan yaron Kano wataƙila ƙafarsa ba ta taɓa taka tsangaya ba. Ban ce maƙaryaci ne ba, na ce daga nesa yake hange. Saboda haka duk abin da ya faru, ki duba yadda jaridar Legas ta kawo shi, ki duba Daily Trust, ki duba Aminiya, ki jera su. Bambancin da za ki gani a tsakaninsu shi ma wani ɓangare ne na bincikenki.

Ki kuma lura da shekarar da aka buga ta. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian saboda labarin da suka rubuta. A watan Oktoban 1986 aka kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam a cikin ambulan. Idan kin ga jaridar irin waɗannan shekaru ta yi shiru a kan wani abu, kada ki ɗauka gari ma shiru ya yi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda dominsa na ɗauki alƙalami. Almajiri ba ya shiga jarida sai wani abu ya ɓaci, ko wani babba ya tashi yin magana a kansa. Ki bi tarihin ki gani. A watan Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki cikin Kano, aka rasa rayuka sama da 4,000, jaridu suka cika da zancen gardawa da almajirai. A watan Afrilun 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, aka ɗan yi kwanaki ana rubutu. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar yara a motoci ana mayar da su jihohin iyayensu, maganar ta sake tashi. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. To tsakanin waɗannan lokuta fa? Yaron yana nan. Yana tashi karatun asuba, ya wanke allo, ya rubuta sabo, ya je gidan uwar ɗakinsa ya yi shara da ɗiban ruwa a ba shi abinci, ranar Alhamis da Juma'a ya huta da karatu, damina ta faɗi wani ya koma gona. Wani ya sauke ya zama alaramma, wani ya zama tela, wani ya samu rumfa a kasuwa. Haka nan yunwar da yake kwana da ita, da ƙazuwa, da sanyin hunturu a soron da ba ƙofa, da dukan da wani gardi ke yi masa, duk ba sa zama labari, don kullum ne. Wanda ya tsaya a jarida kaɗai zai ɗauka rayuwar almajiri tarzoma ce da annoba da bikin yanke kirtani. Ke kuwa abin na kullum shi ne ainihin fannin da kike karanta.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Ki sayi babban littafi mai layi. Ki zaɓi lokaci guda, misali watannin Afrilu da Mayun 2020, ki karanta duk abin da jaridun da kika zaɓa suka rubuta a kan batun, wanda ya yi miki daɗi da wanda bai yi ba. Kowane labari ki rubuta ranarsa, da shafin da aka sa shi, da hoton da aka haɗa masa, sannan ki rubuta wa aka ba dama ya yi magana a ciki. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar aikin. Ina kyautata zaton za ki tarar da kwamishina, da kakakin 'yan sanda, da jami'in ƙungiyar agaji suna ta maimaituwa. Malamin tsangaya jefi-jefi. Yaron da ake magana a kansa da wuya ki ji muryarsa, uwar da ta haɗa masa ƙullin kaya a ƙauye kuwa sai an tona. Amma kada ki rubuta zatona a kundinki. Ki ƙirga da hannunki, in ƙirgar ta saɓa wa abin da na faɗa, ita za ki bi.

Akwai dalilin da ya sa abin yake haka, kuma ya kamata ki san shi don kada ki zalunci 'yan jarida. Wakili ɗaya ne yake riƙe da jiha guda, wani lokaci albashi ya yi watanni bai zo ba, edita na jiran labari kafin magariba. Ofishin gwamnati ya kira taro, ya raba takardar sanarwa a rubuce, ya ba da kuɗin mota. Zuwa tsangayar da ke bayan gari kuwa daga aljihunsa zai biya. Duk da haka akwai masu zuwa, kuma idan kin ci karo da irin aikinsu za ki gane shi, ki riƙe shi da daraja.

Sai maganar alƙaluma. Za ki yi ta ganin an ce almajirai miliyan 9.5 ne, wani ya cike ya ce miliyan 10. Asalin wannan adadi wani ƙiyasi ne na gwamnatin tarayya na 2010, aka yi ta jan sa shekara da shekaru kamar jiya aka ƙirga, a ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006. Duk adadin da kika gani ki bi sawunsa har gindinsa: wa ya ƙirga, yaushe, wa ya sa a cikin lissafin? Yaron da ke makarantar allo a ƙofar gidan ubansa yana kwana a ɗakin uwarsa, an haɗa shi da wanda aka kawo daga wata jiha yana bara? Jaridu goma da suka kwafi rahoto ɗaya daga Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya shaida guda ce, ba goma ba. Ibn Khaldun ya yi wannan gargaɗi tun ƙarni na 14, cewa ƙarya na shiga labari ta hanyar son ɓangare, da yarda da mai kawo labari ba bincike, da rashin sanin yadda al'umma take tafiya. Kin kuma san ayar Suratul Hujurat da ta umarce mu da tantance labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci.

Kada ki tsaya a shafin farko. Wasiƙun masu karatu, da tallace-tallace, da rahoton ƙananan kotuna sun fi kanun labarai faɗin yadda mutane ke rayuwa. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo cike suke da wasiƙun malaman makaranta da akawuna suna muhawara a kan ilimi da tarbiyya. Ki nemi takarda daga sashenku ki je Gidan Arewa a Kaduna, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke can, da Laburaren Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ke intanet na bayan nan ne kawai, shi ma shafi kan ɓace, don haka ki riƙa adana kwafi da ranar da kika gani.

Rediyo kuwa kada ki kuskura ki bar shi, don iyayen yaran nan ba jarida suke karantawa ba. Sashen Hausa na BBC yana magana da su tun 1957, Freedom Radio a Kano tun 2003, ga gidajen rediyon jihohi. Ki saurari shirye-shiryen da ake buga waya, irin su Ra'ayi Riga, ki saurari cigiya. Sanarwar yaro ya ɓata, da shekarunsa, da garin da aka kawo shi, da unguwar malaminsa, tana gaya miki daga ina yara ke tahowa da inda suke sauka. Nan ma ki tambayi kanki wa ke da katin waya da sukunin kira, don za ki ji maza sun fi yawa. Abin da ke yawo a Facebook da WhatsApp ki rubuta shi a matsayin abin da mutane ke faɗa, ba abin da ya faru ba, tsohon hoto na wata ƙasa ma ana liƙa masa sabon suna.

Bayan duk wannan, sai kin je da ƙafarki. Na yi magana da alaramman unguwarmu, ya ce ki zo idan kun samu hutu, zai kuma haɗa ki da wasu malaman. Yayanki zai raka ki. Ki gaisa yadda aka koya miki, ki faɗi gaskiyar abin da ya kawo ki, ki nemi izini kafin ki yi wa kowane yaro tambaya. Kada ki ɗauki hoton yaro da kwanon bara, kada ki sa sunan kowa a kundinki. 'Ya'yan mutane ne, an riga an yi ta rubutu a kansu ba da saninsu ba.

Ki aiko mini da ranar da za ki tafi Kaduna don in turo kuɗin mota da na ɗaukar kwafi, in kuma sanar da gwaggonki ta shirya miki wurin kwana. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki gama lafiya.

Mahaifinki.