Amsa ga maginin da ya tambaya ko bashin aiki yana mutuwa

Assalamu alaikum, Malam.

A taron magina da aka yi a Gombe ka tashi gaban jama'a ka tambaye ni: ka gina wa mutum gida tun daga tushe har rufi, ya tare da iyalinsa, cikon kuɗinka ya maƙale shekara huɗu, wani kuma ya ce maka in aka daɗe bashi mutuwa yake yi. Ga amsata a rubuce, don ba kai kaɗai abin ya shafa ba.

Bashin yana nan a wuyan mai gidan. Ƙofar kotu ce take iya rufewa. Dokar da ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara ta ba mai kwangila shekara 6 a Legas da Abuja, wasu jihohin kuma 5 suka yanke. Kai dai yi lissafinka da 5. Ana fara ƙirga ne daga ranar da ya kamata a biya ka, wato ranar da kuka yi alƙawarin za a biya ko ranar da ka miƙa makullai. Zaryar da kake yi gidansa, da "ka dawo bayan salla", da aiken dattawa, duk ba sa tsayar da wa'adin. A nan ne yawancinku kuke faɗawa, kunya ta hana ku magana har lokaci ya ƙure.

Abu biyu ke sabunta lissafin: ya rubuta cewa ana binsa ya sa hannu, ko ya biya wani abu daga ciki. Ko naira dubu ashirin ya tura, adana shaidar banki.

A Musulunci daɗewa ba ta zubar da haƙƙi, hadisi ma ya kira jinkirin mai hali zalunci. Amma alƙali hujja yake nema, shi ya sa aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a rubuta bashi.

Ni a ganina wa'adin da ya fi cin ka na naira ne. Buhun simintin da ake saye ƙasa da dubu huɗu a 2020 ya haura dubu goma a farkon 2024, mu ma da kamfanin simintin Ashaka ke bayan gidanmu ba mu tsira ba. Ko yau ya biya ka, kuɗin ba za su sayi rabin kayan da ka zuba ba.

A makon nan ka tafi da shaidu biyu, a rubuta adadin da ranar biya, ya sa hannu. In ya ƙi, tattara rasit da saƙonninku ka ga lauya kafin shekara ta biyar ta cika.

Wassalam.