Wasiƙa zuwa Landan kan girkin bikin Hajiya

Assalamu alaikum ƙawata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya jikin Hajiya, ya sanyin Landan? Na ga saƙonki cewa za a yi mata walimar cika shekara 60, ga yaronki ya koma cin paleo, ga autarki ta zama vegan, kin rasa tukunyar da za ki ɗora. Kwantar da hankalinki, tukunya ɗaya za ta wadatar.

Mai paleo yana cin nama, kifi, ƙwai, ganyaye da 'ya'yan itace, amma ya bar hatsi, wake, madara da sukari. Ita kuma vegan, sunan da aka ƙirƙira a Ingila a 1944, ba ta taɓa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har zuma da man shanu. Inda suka haɗu shi ne kayan lambu, dankalin Hausa, agada, kwakwa da dabino. A kan waɗannan za ki gina girkin, sai a ajiye nama a gefe, wake a gefe.

Tarkon yana cikin kayan miyarmu. Gyaɗa dangin wake ce, don haka man gyaɗa, ƙuli-ƙuli da yajin tsire duk sun fita daga farantin yaron. Daddawa ma daga kalwa take, masu tsanantawa ba sa ci. Ga yarinyar kuwa, karanta bayan kwalin dunƙulen miya, wasu akwai kitsen kaza ko na shanu a ciki. Ki yi miyar taushe da kabewa, alayyafo, tattasai da albasa, agushi ya maye gurbin gyaɗa, ki soya da manja. Kazar ki gasa ta daban da citta, tafarnuwa da barkono, kowa da cokalinsa na zubawa. Alale ba ƙwai ba kifi ya ishi autar, shinkafa kuma ta sauran baƙi.

Kek ɗin ne mai wuya, tunda ba fulawa, ba ƙwai, ba madara. Ki sami garin almond kofi 2, nunanniyar ayaba 3 a dame, dabino 10 a jiƙa a ruwan zafi a markaɗa, man kwakwa babban cokali 3. A madadin ƙwai biyu, kwaɓa niƙaƙƙen irin filas (ƙananan 'ya'yan da ake kira flaxseed) babban cokali 2 da ruwa babban cokali 6, ki bar shi minti 10 ya yi yauƙi. Sai bekin soda rabin ƙaramin cokali da ruwan lemun tsami cokali 1, don soda ba ya tashi sai da tsami. Kada ki sa bekin fauda, yawancinsa akwai sitacin masara. Ki gasa a digiri 170 na Salsiyos na minti 35 zuwa 40 a faranti mai faɗi marar zurfi. In ya yi zurfi, gefe zai ƙone ciki na danƙo, domin babu ƙwan da zai ɗaure shi. Saman almond yana saurin yin ja, ki rufe shi da takardar gashi bayan minti 25. Ki bar shi awa guda ya huce kafin wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba zai dagargaje. Kuma kar ki musanya garin almond da na kwakwa kofi da kofi, na kwakwa shan ruwa gare shi ƙwarai.

Abin sha ba sai kin wahala ba: kunun aya da dabino da kwakwa. Aya a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya kamar dankali, kowa zai sha. A sa shi a firji nan take, yana saurin tsami.

Abin da ya fi damuna ya wuce ranar bikin. Yarinyar dole ta riƙa shan bitamin B12, babba na bukatar kusan maikirogiram 2.4 a rana, kuma tsirrai ba sa bayar da shi yadda za a dogara. Ƙarancinsa yana kawo ƙarancin jini da lahanin jijiya, a hankali yake shiga ba a sani ba. Ta daina shan shayi a kan abinci, yana hana jiki jan sinadarin ƙarfe daga wake, lemu kuwa yana taimakawa. Yaron da ya bar madara ya nemi kalsiyam daga kifin sadin mai ƙashi da ganyaye. Ni dai ban ga dalilin korar wake da gero daga kwanon mai lafiya ba, amma kar ki tayar da zancen a gaban baƙi.

Ki durƙusa mini wajen Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Ki aiko mini da hoton kek ɗin.

Taki har kullum,
ƙawarki